Hayaƙin Unguwar Kanya

Tun da na dawo daga ƙauye ban sami sukunin ɗinke takalmi ƙafa biyu a jere ba. Da na zauna a rumfata a Jakara na ɗauki basilla, sai wani ya tsuguna ya ce, "Garba, wai da gaske ne an naɗa ka sarauta?" In na ba shi labari ya tashi, wani ya maye gurbinsa. Ran nan a Kurmi na ji wani yana ba da labarina ban san shi ba bai san ni ba, har ya kai inda aka ba ni doki da algaita, ni da na dawo da kaushi a ƙafa. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda ajin yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in yi dukancina.

Iya, mahaifiyata, ba 'yar birni ba ce. Aure ya kawo ta Zaitawa daga wani ɗan ƙauye da ake kira Unguwar Kanya, tun jirgin ƙasa yana abin kallo. Duk danginta sun ƙare sai yayanta guda, Kawu Tanko, wanda shi ne mai unguwar can. To, da bazarar nan wani maƙwabcinmu mai awon gyaɗa ya dawo daga wajajen, ya shigo gaisuwa, bakinsa bai iya riƙe magana ba. Ya gaya mata rijiyar unguwar ta ƙafe, mutane duk sun watse, tsoho ya rage shi kaɗai, kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Daga ranar Iya ta daina cin abincin kirki.

Ni ɗan farinta ne, ba ta kama sunana. Ta kira ni ta ce, "Kai, ka je ka ɗauko mini Yaya kafin ruwa ya sauka. In damina ta rufe hanya yana can shi ɗaya, ba na jin zan ƙara ganinsa."

Na ce, "Iya, ai sai a ba wani saƙo."

Ta ce, "Zuwa da kai ya fi aike." Ta juya mini baya.

Na yi wa tafiyar lissafin kwana uku: ɗaya zuwa, ɗaya ɗaure kaya, ɗaya dawowa. Na sa jan takalmina na Juma'a, wanda na ɗinka wa kaina da fatar da ban taɓa sayar wa kowa irinta ba, don mutanen ƙauye su san daga inda na fito.

Na fita ta Ƙofar Na'isa da sassafe na tari wata babbar mota da za ta kwaso ragowar gyaɗa. Aka dasa ni a kan benci tsakanin wata mata mai ƙwaryar daddawa da wani mutum da ragonsa, ragon kuwa ya ƙulla abota da gefen rigata. Direban mutum ne mai zumunci, duk garin da yake da aboki sai ya tsaya an gaisa an tambayi iyali. Wajen hantsi motar ta fara tururi ta gaba kamar tukunyar dambu. Direba ya sauko ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya karɓe butocinmu ya ɗura mata. Da azahar ta yi, mota ta sha ta ƙoshi, mu Musulmi ashirin da wani abu muka jeru a bakin hanya muna taimama.

Da la'asar muka isa Kafin Shamuwa, garin hakimi. Al'adarsu baƙon birni gidan Sarkin Fawa ake sauke shi. Da na ji haka na ce a raina, abin nema ya samu. Ashe sau ɗaya suke yanka a mako, ranar kasuwa, kasuwar kuwa jiya ta ci. Aka kawo mini tuwon dawa da miyar kuka tsura, na ci a kan tabarmar da ke ƙanshin kitse. Ban taɓa jin haushin hancina ba kamar ranar.

Da safe aka kai ni wurin malamin hakimi, Malam Ilu, don baƙo ba ya ratsa gunduma ba a san da shi ba. Ni kuwa ƙafar mutum nake fara kallo kafin fuskarsa, sana'a ce ta saba mini. Takalmin Bature ne a ƙafarsa, ya fi shi girma, ya cusa auduga a gaba. Ya zaunar da ni ya fara karantar da ni kamar ban taɓa jin sarauta ba: gunduma ta hakimi ce, a ƙarƙashinsa dagatai, kowane dagaci da masu unguwanninsa, kamar kaza da 'yan tsakinta. Sannan ya buɗe littafin sunayen unguwanni ya bi da yatsa har ƙarshe, ya sake dawowa.

"Ba ta cikinmu," in ji shi.

"Malam, uwata a can aka haife ta."

"Ban ce babu ita ba. Cewa na yi ba ta cikinmu." Ya tashi ya nuna mini wata taswira a bango, an shafa wa kowace ƙasar dagaci launinta. A tsakiyar ƙasar Marke, wadda take shuɗiya, akwai wani ɗan fari kamar ƙwayar gero.

Na ce, "Gara ta taɓa muku takarda."

Ya ce, "Ba gara ba ce. Unguwar Kanya ke nan."

Labarin da ya ba ni shi ne, tun zamanin kakanni, kakan Dagacin Marke ya yi taron suna, aka kawo wa kakan Kawu fura a ƙwarya mai ɗinki, alhali sauran masu unguwanni an ba su a sababbi. Mutumin ya ajiye ƙwaryar. Ya hau jakinsa ya yi tafiyar kwana biyu, ya ƙetare kogi, ya je ya yi mubaya'a ga Dagacin Birji, wanda yake bin wani hakimi dabam. Tun ranar unguwar tana zaune a cikin ƙasar Marke amma tana bin Birji. Da Baturen da ya shata iyakoki ya zo wurin, zazzaɓi ya kama shi, ya ce a bar nan sai ya dawo. Har yau ana jiransa.

Na kama hanyar Marke a ƙasa, tafiyar rabin yini. A birni mutum yana tuɓe takalmi a ƙofar zauren babba. A Marke tun daga wata ɗorawa ake tuɓewa, wajen taku sittin kafin gidan dagaci, kuma hanyar yashi ce da rana ta gasa, an yayyafa mata tsidau. Na rataya jan takalmina a wuya na yi ta tsalle kamar ɗan akuya. Wata mata ta tsayar da ni ta taya shi, ta ɗauka talla nake.

Dagacin Marke ƙaton mutum ne mai fara'a. Da ya ji ni ɗan 'yar'uwar Tanko ne, kuma na zo in tafi da shi birni, sai ya miƙe tsaye ya rungume ni, abin da ban taɓa ganin basarake ya yi wa baduku ba.

"Allah ya yi maka albarka! Irinku ake nema a zuri'a. A yanka masa zakara. Jaki nawa kake so? Biyu? A ba shi uku. Tsoho bai kamata ya ƙara ko kwana ɗaya a dajin nan ba."

Na ci zakara har da romo, ina ta tsine wa kaina a kan duk abin da na taɓa faɗa game da rowar mutanen ƙauye. Aka haɗa ni da wani tsohon bafade, Shamaki, ya ja mini jaki. A hanya na yaba masa kirkin ubangidansa.

Ya ce, "Ai ranka ya daɗe yana ƙaunar Tanko. Kowace Juma'a sai ya aika a tambayo lafiyarsa, har da tari in yana yi. Ni kuma kullum da safe nake hawa surin can in duba hayaƙi."

"Wane hayaƙi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi mene ne ruwa. "Baƙo ko da ido makaho ne. A nan, unguwar da ta yi damina guda hayaƙi bai tashi a cikinta ba ta zama kufai. Kufai kuwa na dagacin da ƙasarsa ta kewaye shi ne. Ka ga jigawar nan? Gyaɗa ba ta da ƙasa irinta, ga yadda gyaɗa ta yi daraja." Ya ce wannan duk da zuciya ɗaya, yana kore wa jaki ƙuda. Zakaran nan ya tsaya mini a ƙirji.

Muka zo wani jerin bini-da-zugu da bai kai gwiwa ba, Shamaki ya ja linzami ya ce in sauka. Ga bukkoki can ina hangowa, bai fi jifa uku ba. Na ce ya ƙarasa da ni mana.

"Iyaka ke nan. Jakin na Marke ne. In ya shiga ya yi kashi, gobe a ce mun zuba taki a ƙasar Birji, mun fara noma. An taɓa shari'ar wata biyu a kan haka."

Na ɗora kayana a ka na tsallaka zuwa ƙasar Birji da taku ɗaya.

Unguwar Kanya gidaje ne kamar goma, duk sun zube sai ɗaya. A gindin kanyar da ta ba ta suna na tarar da wani tsoho siriri a kan buzu, da rawani fes an naɗa shi daidai, yana fuskantar fili kamar jama'a na gabansa. Da ganin hancinsa na ga na Iya. Na durƙusa na ce, "Kawu, ni ne Garba, ɗan Binta."

Bai motsa ba. Ya ce, "Ba a faɗo wa mai unguwa haka. Wa ya kawo baƙon?"

Na waiwaya. Daga ni sai wata akuya. Muna nan a haka, ni a durƙushe shi a zaune, har wata tsohuwa ta ɓullo da akushi a ka. Sunanta Yalwa, da can 'yar unguwar ce, ta koma Marke wurin ɗanta da rijiya ta ƙafe, amma kullum sai ta kawo masa abinci da tulun ruwa. Ta dube mu ta gane abin da ake ciki, ta sauke akushi ta yi tsaki.

"Ranka ya daɗe, ga baƙo daga birni, ya ce ɗan Binta ne. Ka amsa masa kafin gwiwarsa ta karye, tuwo yana hucewa."

Sai a lokacin ya miƙo hannu biyu ya lalubo fuskata, ya shafa ta tun daga goshi har haɓa, yana cewa, "Ɗan Binta. Ɗan Binta."

Kwana biyu na yi ina kallon mulkinsa. Da asuba bayan salla yakan lalubi murhu ya hura wuta da ɗanyen ganye don hayaƙi ya yi kauri, har Shamaki ya gani daga kan suri. Da hantsi ya zauna fada. Ranar farko Yalwa ta kawo ƙarar akuyarsa ta ci mata zogale a hanya, ya saurari ƙara da kyau, ya ba akuya rashin gaskiya, ya yi wa mai akuya faɗa mai zafi a kan sakaci, sannan ya ce mai akuya ya ji ya kuma tuba. Ni dai na cusa hula a baki.

Da na kawo maganar tafiya ya ce a'a, ko dogon bayani babu. Na roƙa, na lallaɓa, na kwatanta masa ruwan famfo da gurasa da likitan ido. Daga ƙarshe zuciyata ta ɗebe ni, ni dama ba a san ni da haƙuri ba.

"Kawu, mai unguwar wa? Ina mutanen? Akuya?"

Ya lalubi sandarsa. Sannan ya tashi ya ce in ba shi kafaɗa. Muka zaga bayan kanya, inda wani ɗan fili yake a share tas, ko tsinke babu, da ƙananan tudu a jere, wani da kaskon tukunya a kai, wani da dutse, wani da guntun turmi.

"Wa ya ce maka ba ni da mutane? Talatin da ɗaya ne. Waɗannan ba su yi ƙaura ba. Ran da hayaƙi ya yanke, garma za ta bi ta kansu, Marke kuwa ba zai yi da mugunta ba, shi dai jigawa ya gani."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Kawu, Iya ba ta cin abinci."

Can ya ce, "Binta har yanzu tana shiga ƙarƙashin gado in an yi tsawa?"

Na ce yanzu dai addu'a take yi da ƙarfi.

Ya yi 'yar dariya, ya share ido da bakin rawani. "Je ka Birji wurin dagacina. In ya sallame ni ta hanyar da hayaƙi ba zai mutu ba, zan bi ka."

Birji tafiyar kwana biyu ce, ta cikin ƙasar dagatai uku, kowanne da tasa ɗorawar ta tuɓe takalmi. Daga na biyu ban ƙara wahalar sawa ba. Iyakar gundumomin biyu kogi ne, kogin kuwa a bazara yashi ne zalla, kaza ma ta ƙetare shi. Na sa ƙafa ke nan sai wani ya daka mini tsawa daga gindin giginya. Sarkin Fito ne, da ƙaton goransa na fito a gefe. Ya ce tun kakansa ba a ƙetare kogin nan sai da Sarkin Fito, kuma ba a ce masa sarautar ta damina ce kaɗai ba. Ya naɗe wando har cinya, ya sa na naɗe nawa, ya rungumi gora ya shiga gaba a kan busasshen yashi yana taka a hankali.

"Bi sawuna, ɗan birni. Nan akwai zurfi. Yi dama, nan ne ya ci wani Bafillace da saniyarsa."

Muka fita lafiya, ya yi hamdala, na ba shi goro biyu. Ya ce in gode Allah na zo a sa'a.

A Birji abinci ne ya kusa kashe ni. Mu a birni baƙo yakan rage ɗan abu a kwano don kada a ce mayunwaci ne. Su kuwa in ka rage, ba ka so ba ke nan. Na rage dambu, aka kawo ɗanwake. Na rage ɗanwake, aka kawo kwaɗon rama, matar gidan tana kuka a bayan danga wai ta kunyata mijinta. Sai da na sharce kwano na uku na lashe yatsu kafin aka bar ni.

Dagacin Birji saurayi ne, bai daɗe da gadon ubansa ba, farin kambas a ƙafarsa an goge shi da alli. Na faɗi na yi gaisuwa na ce na zo daga wurin mai unguwarsa na Unguwar Kanya.

Ya ce, "Ta ina?"

Fadawa suka dubi juna. Aka aika aka ɗauko limamin gari, tsoho tukuf, aka zaunar da shi. Ya ce tabbas akwai ta, yana yaro ya ga mutumin ƙwarya mai ɗinki da idonsa, kuma duk shekara Tanko yana aiko da kajin gaisuwar salla ta hannun fatake, fadawa suna cinye kajin suna zaton sadaka ce. Aka binciko littafinsu, ga sunan nan a ƙarshen shafi. Murna ta ɓarke. Aka buga ganga, wai ƙasar Birji ta ƙaru. Dagaci ya ce gobe zai je ya ga abinsa, aka tuna masa ba zai ratsa ƙasar Marke da rawani ba sai da iznin hakimai biyu, ya zauna.

Da ganga ta yi shiru na faɗi buƙatata: a karɓi murabus ɗin tsoho a naɗa wani.

Dagaci ya ce, "Madalla. Wa za a naɗa? Dole ya zama talakan unguwar."

"Ranka ya daɗe, babu kowa sai shi."

Wani bafade ya ce, "To ai da sauƙi. In ya yi murabus ya zama talaka. Ka ga an sami talaka. Sai a naɗa shi."

Kowa ya ce wannan magana ta yi. Na ce a'a, tafiya da shi nake so in yi. Suka ce in ya tafi yana mai unguwa, ya gudu ya bar aiki, abin kunya ga Birji. In ya tafi yana talaka, unguwa ba ta da shugaba ba ta da mutum. Na kawo sunan Yalwa, na ce ita tana iya hura wutar. Suka ce Yalwa yanzu talakar Marke ce, hayaƙinta na Marke ne, wannan ma ya fi ba a hura ba muni. Kwana uku ana wannan, kullum a fara daga farko, kullum a ƙare a naɗa Kawu. Ni kuwa ina duban gabas, gajimare ya fara taruwa da yamma.

Rana ta uku Liman, da kowa ya ɗauka gyangyaɗi yake, ya ɗaga kai.

"Mai unguwa yana tafiya ganin likita, ko ba ya yi?"

Aka ce yana yi.

"In zai tafi yakan bar wakili daga cikin talakawansa. Kuma abin da magabata suka ce shi ne damina guda ba hayaƙi. Ba su ce kullum ba. In ya tashi sau ɗaya, Marke ta gani, damina ba ta wuce ba hayaƙi ba." Ya juyo da fararen idanunsa wajena. "Saura talaka. Ga jikan unguwa a zaune."

Na zabura. "Allah gafarta Malam, ni Bakano ne! A Zaitawa aka binne cibiyata."

"Ba mu ce ka tono ta ba."

Na buɗe baki zan yi musu, sai filin nan mai shara ya faɗo mini a rai, da Iya da ta juya mini baya. Na rufe bakina. A zama ɗaya aka rubuta ni talakan Unguwar Kanya, aka kuma rubuta ni wakilin mai unguwa a kan talakan nan, wato ni. Sharaɗi shi ne kowace damina in je in hura wuta a murhun Kawu, in tsaya har Shamaki ya ɗaga hannu daga kan suri. Sarautar da ake ta yayatawa a Kurmi ke nan. Ba rawani, ba doki. Goro ɗaya aka ba ni da takarda.

Da na kai wa Dagacin Marke kwafin takardar, malaminsa ya karanta masa sau biyu. Bai yi fushi ba, ya dai yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya sa alheri. Amma jakunan nan uku duk sun gurgunce a dare ɗaya, zakarun garin kuma aka ce annoba ta taɓa su. Sai wani Bafillace muka samu ya ɗauki Kawu a takarkarinsa zuwa bakin mota.

Ranar tashi, bayan ya hura wutarsa ta ƙarshe, Kawu ya ce wakili ba ya riƙon mutanen da bai sani ba. Ya kama kafaɗata muka koma bayan kanya. Yana taɓa kowane tudu da sandarsa yana faɗin suna, da abin da mutum yake yi, da abin da ya kashe shi. Mai ƙwarya mai ɗinki yana farkon layi. Ga maƙeri, ga ungozoma, ga 'ya'yansa huɗu a jere ƙanana, ga matarsa. A wani mai guntun turmi ya tsaya ya ce, "Wannan ita ta haifi Binta. Gaishe ta." Ni da na yi kwana goma ina dariyar mutanen nan a cikina, na durƙusa a wurin na yi kuka kamar an mare ni. Yalwa ta raka mu har bini-da-zugu da akuyar a hannu, tana ta faɗa wai an bar mata ɓarauniyar zogale, ba ta yarda ta kalli Kawu ba.

Kwana goma sha uku cif na yi. Muna shigowa Ƙofar Na'isa aka fara yayyafi. Yadda Iya ta yi da ta gan shi ba zan rubuta ba, nata ne. Abin da zan ce kawai, a ranar ta ci tuwo malmala biyu.

Yanzu yana zaurenmu a Zaitawa da rawaninsa. An kai shi wurin likitan ido, an ce a dawo bayan salla. Kullum da safe kafin in fito kasuwa sai na durƙusa na gai da mai unguwata, shi kuma ya sa in biya masa sunayen nan a jere, daga kanya zuwa gabas, kamar hadda. In na sa maƙeri kafin ungozoma sai sanda ta taɓa ni. Damina ta kankama, ranar Alhamis zan rufe rumfa in tafi, na riga na sayi ashana, don haka mai takalmi a wurina ya yi haƙuri.

Jiya na kawo su talatin da ɗaya babu gyara. Ya saurari ruwa yana zuba daga indararo. Sannan ya ce, "Bayan matata akwai wani ɗan wuri da ban nuna maka ba. Na shekara ashirin ina share wa kaina shi." Ya gyara zaman rawaninsa. "Mutum inda ya mutu ake rufe shi, ni kuwa na zo ke nan. In ka je, ka ce wa Dagacin Marke na ba shi. Taku huɗu ne. Ya shuka gyaɗarsa, ya daɗe yana jira."